Me za ta yi min da wannan ba ta yi?

Babu inda ake yi wa abin sayarwa kallon ƙurilla kamar kasuwar shanu ta Potiskum. Ranar Laraba, kafin hantsi ya dubi ludayi, fili ya cika: jajayen Rahaji masu dogayen ƙahoni, fararen Bunaji, Wadara na ƙasar Barno, da garakan da suka keto daji daga Nijar da Chadi. Falken da zai yi lodi zuwa Legas ko Fatakwal ba ya sayen sa don sheƙin fatarsa. Sai ya sa an kama masa shi an buɗe baki, ya duba haƙoran nan takwas na gaba, ya ga nawa ne na nono, nawa ne suka famfara suka fito manya, domin a nan shekarun dabba suke a rubuce. Ya danna haƙarƙari da yatsa, ya kama gindin wutsiya, ya girgiza tozo, ya ce a kora shi ya ga taku. Ya san ana iya ba sa kanwa ya kwankwaɗi ruwa ciki ya batse da safe, kafin mota ta kai Lokoja ya koma yadda Allah ya yi shi. Sai ya gama duk wannan yake tayawa, dillali ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama.

Mutumin nan da ba a iya yi wa rufa-ido da sa, shi ne da yamma, in ciniki ya faɗa, zai ratsa shagon waya a cikin gari a miƙo masa kwali mai ƙyalli a ce, “Alhaji, wannan ce sabuwar fitowa, ta fi taka.” Ya juya ta, ya ga idanun kyamara uku a baya maimakon biyu, ya ƙirga kuɗin maraƙi ya bayar. Haka in ɗansa ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, ya zo ya ce, “Baba, an ce kowa ya zo da kwamfuta,” wadda lambarta ta fi girma ita ake ɗauka. Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, domin kuɗin da ake zubawa gumi ne, kuma idon da zai hana asarar yana nan, ba a dai saba ɗora shi a kan na'ura ba. A ganina, sabuwar na'ura ba ta cancanci a ce ta fi tsohuwa ba sai ta yi wani aikin da tsohuwar ta gaza, kuma abin da ta ƙara ya rinjayi abin da ta sa mai ita ya zubar. Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne tarihin kwamfutocin gida na shekarun 1980.

Kaɗan ne daga cikinsu suka shigo gidajenmu. Yawancinmu a Arewa mun fara taɓa kwamfuta ne a ofis, ko a shagon buga takardu, ko a kafe lokacin da intanet ya zo. Amma a Ingila da Jamus da Amurka yara sun taso da su a falo. Allon madannai ne mai kauri, duk injin yana cikinsa, a jona shi da talabijin. Manhaja kuwa a kaset take, irin kaset ɗin da muke sauraron Shata da shi, a sa a rakoda a jira mintuna kafin ta hau. Ƙanƙantarsu ita ce amfaninsu gare mu yau. Abin da ke ciki ba shi da yawa, saboda haka duk abin da kamfani ya ƙara ko ya rage, ana ganinsa tsirara.

A fara da kamfanin Commodore na Amurka. A 1981 ya baza wata na'ura mai suna VIC-20 a kasuwa. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 5 ce, ko rabin wannan maƙala ba za ta riƙe ba, kuma haruffa 22 kacal take jerawa a layi. Duk da haka ita ce kwamfutar farko da aka sayar da guda miliyan ɗaya. A 1982 sai ga Commodore 64 a kan dala 595. In ka jera su biyun a kan tebur, launi ne kawai zai raba maka su: kwasfa ɗaya, madannai ɗaya, kauri ɗaya. Wanda ke sayayya da ido zai ce abu guda ne aka ƙara wa kuɗi. A ciki kuwa duniya ce daban. Ƙwaƙwalwa ta kai kilobayit 64, layi ya ɗauki haruffa 40, an sa mata guntun sauti mai suna SID wanda har yau akwai makaɗan da ke farautarsa, da guntun hoto da ke motsa siffofi a kan allo ba tare da ya gajiyar da injin ba. Wanda ya bar VIC-20 ya koma kanta ya yi asara ta gaske, domin yawancin manhajojinsa ba sa aiki a sabuwar. Amma rakodar kaset ɗinsa da sandar wasansa sun bi shi, kuma abin da ya samu ya ninka abin da ya rasa nesa ba kusa ba. An sayar da fiye da miliyan 12, kuma ba a daina ƙera ta ba sai da kamfanin ya durƙushe a 1994.

A 1986 kamfanin ya yi akasin haka. Ya fitar da 64C, siririya, fara-fara, mai kama da kayan ofis. Duk wanda ya gan ta kusa da tsohuwar zai rantse an yi gaba. Amma duk abin da 64C za ta yi, ta 1982 tana yi. Gyare-gyaren da aka yi wa cikinta daga baya, galibi don a rage wa kamfani kuɗin ƙira ne. An canja wa tuwo suna ke nan. Ba na cewa an cuci wanda ita ce sayensa na farko, na'ura ce mai kyau. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya karyar da tsohuwarsa don ya shiga yayi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wadda ta fi ba ni takaici, wato Plus/4 ta 1984. A takarda ta fi Commodore 64 abubuwa da yawa. Launukanta 121 ne maimakon 16. Harshen da ake ba ta umarni da shi ya fi wadata. Ta zo da manhajoji huɗu a cikinta, har da ta rubutu da ta lissafin kasuwanci, kunna ta kawai za ka yi ka kama aiki. To amma an cire guntun sautin nan, an cire abin motsa siffofi, dubban manhajojin Commodore 64 ba sa hawa kanta, kuma hatta ramin jona rakoda da sandar wasa an sauya musu siffa. Mutum yana da akwati cike da kaset da kayan haɗi, a ce masa ya zubar ya fara daga farko, alhali abin da za a ba shi bai taka kara ya karya ba. Mutane suka ƙi ta. Daga ƙarshe aka karyar da farashinta, da yawa suka ƙare a makarantun ƙasar Hungary. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma kamfanin da ya ƙera na'urar da ta fi kowace farin jini ne ya yi shi, shekara biyu kacal bayan nasararsa.

A Ingila ma haka labarin yake. Clive Sinclair ya fitar da ZX Spectrum a Afrilun 1982, mai kilobayit 16 a kan fam 125, mai 48 a kan fam 175, da madannai na roba. Spectrum+ ta 1984 madannan kawai aka sauya, har ana sayar da su daban ga mai son ya ɗora wa tsohuwarsa, wanda a ganina shi ne adalci. Da Amstrad ya sayi harkar kwamfutar Sinclair a 1986, abin da ya fara yi shi ne manna rakodar kaset a jikin na'urar. Masana ba su ɗauke shi wani abu ba, amma ga yaron da ya sha wahalar murɗa ƙarar rakoda manhaja tana ƙin hawa, wannan ya fi masa ƙarin lamba. Shi kuwa kamfanin Apple na Amurka, a 1980 ya ƙera Apple III ba tare da fanka a ciki ba, ta riƙa ɗaukar zafi, har sai da aka maye wa masu saye dubban na farko. Ƙanwarta Apple IIe ta 1983, wadda ba ta zo da wata fankama ba illa ƙananan haruffa da ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma ta karɓi kayan magabatanta, ita ta yi shekara goma a kasuwa.

Akwai kuma Sakhr, ta kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, da Muhammad al-Sharikh ya tsaya a kanta. Injinta irin na MSX ne da Japanawa ke ƙerawa, bai fi na kowa ƙarfi ba. Abin da aka ƙara shi ne haruffan Larabci da rubutu daga dama zuwa hagu, har da manhajar Alƙur'ani. Wannan kaɗai ya sa ta shiga gidaje daga Saudiyya zuwa Masar. Mu da muka daɗe muna rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba ƙugiya saboda na'ura ba ta san su ba, mun san darajar irin wannan ƙari, kodayake babu lambar da ke nuna shi a jikin kwali.

Na'urar da ta shiga rayuwar ɗan kasuwar Potiskum kamar yadda waɗancan suka shiga falon Turawa ita ce waya. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a Agustan 2001 da Econet da MTN, Glo ya biyo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, sannu a hankali sabis ya game Arewa maso Gabas. Kafin nan falke a makance yake lodi. Ya kwana biyu a hanya, ya isa kasuwar Agege ko ta Bodija ya tarar tireloli sun riga shi, farashi ya karye, dabbobi sun rame, ga kuɗin mota yana jira, dole ya sallama. Waya ta ba shi kunne a Legas yana tsaye a Potiskum. Sai da aka katse layuka a Yobe da Barno a Mayun 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, mutane suka auna nauyin abin da suka riga suka saba da shi, don ciniki ya koma na aike da jira.

A cikin wayoyin kansu, ƙarin da ya yi wa kasuwa aiki ba shi ne ake yi wa talla da ƙarfi ba. Nokia 1100 ta 2003 ba ta da launi, ba ta da kyamara. Tocila ce da ita a ka, madannanta shimfiɗa ɗaya ce da ƙura ba ta samun kafar shiga, batirinta yana kwanaki. Duk wanda ya ga ɗan lodi da asuba, ya hau kan katakon tirela, waya a baki yana haska wa kansa, hannu biyu yana ɗaure ƙaho da igiya, ya san me tocilar nan take nufi. An sayar da irinta fiye da miliyan 200 a duniya. Bayanta sai waya mai layi biyu, wadda Tecno da 'yan uwanta suka cika kasuwa da ita. A hanyar ƙauye inda sabis ɗin wannan kamfani ke ɗaukewa na wancan ya kama, mutum ya huta da cire batir yana musanya layi da farce. Sannan saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a 2013. Ba kowane falke ne ya yi boko ba, amma kowa yana da baki, kuma wayar ba ta damu ba ko da Hausa ya yi, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Bolanci, ko Karekare. Yanzu yaron dillali yana zagaya bijimi da waya, ya ɗauki tozo, ya ɗauki ƙirji, ya ce a kora shi, ya tura wa mahauci a Kudu, a yi ciniki ba a ga juna ba. Waɗannan duka sabon aiki ne.

To a duba aljihun manyan dillalai. Da yawa waya biyu suke riƙewa: ƙarama mai tocila a aljihun gaba, babbar kuma rabin yini tana rumfar mai caji. Wannan shaida ce cewa babbar waya ta ƙara abubuwa amma ta rage guda, wato daɗewar batir, wanda a garin da wuta ba ta tsayawa shi ne uwa uba. Kuma tun da kyamara da saƙon murya suka zauna, me samfurin bana ya ƙara a kan na bara? Sau da yawa harafi ne ko lamba a ƙarshen suna, da sabon launi, da ƙarin ido a baya, wanda a wasu wayoyi masu araha ado ne kawai, ba ya ɗaukar komai. Irin su 64C ne, ana fitar mana da su kowace shekara.

Mafi tsadar darasi kuwa ba daga shagon waya ya zo ba. A 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da suka fito a Disamba, kowa ya ga hotuna da fasali suna nan, launi aka sauya. Aka ce tsofaffin za su daina aiki a 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, alhali sababbin ba su wadata ba. An haɗa aibin 64C da na Plus/4 a wuri guda: sabon bai yi wani aikin da tsohon ya gaza ba, kuma an kashe tsohon. Kasuwar dabbobi ta fi kowa jin jiki, domin Bafulatanin da ya koro shanu daga ruga ba shi da asusu, kuma wanda ya zo daga ƙetaren iyaka ba ya karɓar alat. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki aka fara numfashi. Abin haushin shi ne tiransifa da POS ci gaba ne na haƙiƙa ga wannan kasuwa. Mutanen Potiskum ba su manta harin da aka kai mata a Mayun 2012 ba, da rayuka da dukiyar da suka salwanta, kuma kowa ya san buhun kuɗi a hanya kiran ɓarawo ne. Da an bar abin ya shiga da ƙafarsa, an gyara sabis, an buɗe wa makiyaya asusu, da mutane sun rungume shi don amfaninsa, kamar yadda suka rungumi waya ba wanda ya tilasta musu.

Kada a fahimce ni da cewa tsoho ya fi sabo ko yaya. Riƙon tsoho ma yana da nasa farashi. Commodore 128 ta 1985 ta gyara kuskuren Plus/4, ta zo da ninkin ƙwaƙwalwa da haruffa 80 a layi, kuma tana iya rikiɗa ta zama Commodore 64 sak. Sai masu rubuta manhaja suka ga ba dalilin wahala, suka ci gaba da rubuta wa tsohuwar tunda za ta hau duka biyun. Mutane da yawa suka sayi sabuwa suka ƙare rayuwarta suna amfani da ita a matsayin tsohuwa. Akwai kuma lokacin da ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin na'ura ko da lafiyarta ƙalau. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. Dillalin da cinikinsa ya dogara da hoton sa, a ranar ba shi da zaɓi, kuma sauyin da ya yi daidai ne.

Irin wannan ranar ta riski kwamfutocin da suka cika shagunanmu. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum da Windows 10, kuma Windows 11 ba ta amince da yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas ba. Galibin na hannu da ake saukewa a Ikeja, su biyo ta titin Beirut a Kano su iso Potiskum, tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sallama. A jikinsu akwai 'yar takarda da aka rubuta Core i5 ko Core i7, kuma da ita ake yanka farashi, alhali sunan i7 yana nan tun 2008. Shekarun injin suna cikin lambar da ke bin sunan. In aka ga i7-2620M, biyun farko tana nufin zubi na biyu, na 2011. In aka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, kuma wannan biyar ɗin ta fi waccan bakwai ɗin gudu da ƙarancin cin batir. Uban da zai saya wa ɗansa, ya sa a kunna a nuna masa wannan lamba a kan allo, kada ya tsaya ga ta jikin kwasfa. Ya tambayi girman RAM, ya tambaya ko ma'ajiyarta SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, ya sa a zare caja ya zauna ya ga yadda batir ke sauka, ya kai tafin hannu wajen fanka ya ji zafin da take fitarwa, don watan Afrilu a Yobe ba ya yi wa injin da aka ƙera don sanyin Turai sauƙi.

Wanda kuma yake da tsohuwa a gida tana jan ƙafa, kafin ya karyar da ita ya kai wa mai gyara a cire faifan nan mai juyawa a sa SSD, a ƙara RAM in tana da gurbi. Kwasfar tana nan da tabonta, ba wanda zai ce ya yi sabuwa, amma na'urar da ke cin mintuna kafin ta farka za ta riƙa tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma za ta ishi yaro koyon bugu da atisayen jarabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba. Masu gyaran da ke zaune a rumfunan garin da ƙaramin sukundireba da abin narka dalma su ne suka fi kowa sanin wannan, kuma ina ganin Kwalejin Ilimi ta Tarayya, tunda ta fasaha ce, ya kamata ta jawo su jiki, ta buɗe musu gajeren horo, ta kuma riƙa ba sababbin ɗalibai takarda guda da Hausa mai bayanin lambobin da za su duba kafin iyayensu su kai dabba kasuwa.